Yadda Kirista Mazaunin Legas Zai Tsara Bayarwarsa, Ya Kuma Tsare Zuciyarsa Daga Haɗama

Duk wanda ya baro Arewa ya zo neman abinci a Legas ya san yadda wayarsa take komawa da zarar wata ya kai ashirin da biyar. Ƙanwa tana neman cikon kuɗin makaranta, kawu yana son taki kafin damina ta yi nisa, an kwantar da gwaggo a asibiti, ga kuma saƙon ƙungiyar 'yan gari ana tara gudummawar kai gawa gida. A nan kuwa mai gida yana jiran kuɗin haya na shekara guda cur, kuɗin motar haya ta danfo ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, cefanen da a da yake cika buhu yanzu da ƙyar yake cika leda. Mutanen gida suna ɗauka cewa kowa a Ikko a kan kuɗi yake kwana, alhali wanda ke nan ya san da mutum nawa yake raba ɗaki ɗaya. A cikin wannan matsi ne ake karanta mana ranar Lahadi cewa bayarwa ta fi karɓa albarka, maganar Ubangiji da Bulus ya tuna wa dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20:35, sai mutum ya fito daga sujada zuciyarsa tana zarginsa, aljihunsa kuma yana ba shi uzuri.

Na yi shekaru ina cikin masu ƙidaya baiko bayan sujadar Hausa a wata ikilisiya da ke ɓangaren Agege. Mu uku muke shiga ƙaramin ɗaki mu rufe ƙofa, mu zazzage jaka a kan tebur, mu yi ta warware takardun kuɗin da aka ƙudundune suka sha gumi, muna jera hamsin-hamsin a gefe guda, ɗari-ɗari a ɗaya gefen. A wannan aiki, da kuma zama da dattawa wajen duba bukatun gwauraye da marasa lafiya, na lura da abu guda wanda a kansa na gina wannan rubutu: waɗanda suke daɗewa suna bayarwa shekara da shekaru su ne waɗanda suka yanke shawara tun kafin kuɗin su shigo hannunsu. Wanda yake jira sai tausayi ya motsa shi, ko sai ya ga abin da ya rage a ƙarshen wata, Legas za ta riga shi, domin a wannan gari ba abin da yake ragewa.

Ware rabon bayarwa tun ranar da kuɗi suka shigo

Wannan tsari yana da tushe a Littafi Mai Tsarki. Lokacin da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima, ya rubuta wa Korantiyawa, a wasiƙarsa ta fari 16:2, cewa a ranar farko ta kowane mako kowa ya ware wani abu ya ajiye gwargwadon samunsa, don kada a tashi neman taro sai ya iso. Manzon bai so a tara kuɗin cikin gaggawa da jin kunyar idonsa ba. Ya so kowa ya yanke hukuncinsa a ɗakinsa, hankalinsa a kwance.

Idan kai mai albashi ne, ranar da kuɗi suka shiga asusunka ka cire rabon bayarwa kafin ka taka kasuwa, ka mayar da shi wani asusu dabam ko ka sa shi a ambulan da ba ka yawo da shi. Idan kuwa samunka na yau da kullum ne, kamar mai keke, mai dako, mai wanki ko mai sayar da abinci, to ka yi haka kowane dare lokacin da kake lissafin ciniki, ko da naira ɗari biyu ce, ka jefa a asusun katako ko gwangwani. Ka raba abin da ka ware gida biyu: ɗaya na ikilisiya, ɗaya kuma na mabukatan da Allah zai kawo ƙofarka. Wannan rabo na biyu shi ne yawancinmu ba mu da shi, shi ya sa kowane roƙo yake zuwar mana kamar hari, muna jin za a yanki abincin 'ya'yanmu ne. Mutumin da ya riga ya ware wani abu yana amsa waya da sakakkiyar murya, domin kuɗin da ake roƙa ya riga ya sallama su a zuciyarsa.

Batun nawa za a ware, malamai sun bambanta. Ikilisiyoyinmu da yawa suna koyar da zakka, wato ɗaya bisa goma, suna kafa hujja da Malakai 3:10, wasu kuma suna cewa Sabon Alkawari bai ɗora wa mai bi ƙayyadadden adadi ba. A ganina ɗaya bisa goma ma'auni ne mai kyau na farawa, kuma wanda Allah ya buɗa wa bai kamata ya tsaya a nan ba. Amma mu faɗi gaskiya: lokacin da gwamnatin Legas ta sanar da naira 85,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, ushirin wannan ya kama naira 8,500, kuma masu gadi da masu aikin gida da yawa a cikinmu ba sa ma samun wannan albashin. Kada kowa ya ci bashi mai ruwa don ya cika ambulan, kada kuma wanda bai kai ushiri ba ya fasa bayarwa don kunya. Bulus ya ce idan niyya tana nan, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a tambayarsa abin da ba shi da shi (2 Korantiyawa 8:12). Ka fara da abin da za ka iya riƙewa wata goma sha biyu ba fashi, ka ƙara idan samu ya ƙaru.

Ma'aurata kuma su zauna su yanke wannan tare. Gidaje da yawa sun sha rigima saboda miji yana tura wa danginsa kuɗi a ɓoye, iyayen matar kuwa sai gaisuwar baki, ko kuma matar tana rage kuɗin cefane tana aika wa nata. A rubuta a takarda abin da zai tafi kowane gida, a kuma yarda cewa ba wanda zai yi alkawari a waya sai ya shawarci ɗan'uwansa.

Haƙƙi yana gaba da kyauta

Kafin ka lissafa kanka cikin masu bayarwa, ka duba ko akwai kuɗin wani a hannunka. Yakubu 5:4 ya ce ladan ma'aikatan da aka hana su yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna, Littafin Firistoci 19:13 kuwa ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki har gari ya waye. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Akwai gidajen Kiristoci a Legas da aka ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara ta zagayo tana wanke-wanke da raino, ba aji ba albashi, uwar gidan kuma tana sahun gaba ranar godiyar girbi. Akwai mai shago da yake jinkirta kuɗin yaronsa mako biyu don ya juya su a ciniki. Abin da irin wannan mutum ya jefa a jakar baiko dukiyar wani ce ya miƙa wa Allah. Zakka mai karɓar haraji ya gane haka, shi ya sa da ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, nan take ya haɗa da cewa duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8).

Saboda haka ka ɗauki biro ka rubuta sunayen waɗanda suke binka: mai shagon unguwa, tela, makanike, abokin da ya ranta maka tun bara kana kauce wa hanyarsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ce ana binka. Abin kunya shi ne ka yi shiru. Ka je ka same su, ka faɗi ranar da za ka biya da abin da za ka iya biya, ka kuma cika.

Iyaye ma suna cikin wannan sahu na haƙƙi. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa waɗanda suke ce wa iyayensu abin da za su taimake su da shi an riga an keɓe wa Allah, 1 Timoti 5:8 kuma ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Duk wa'azin da zai sa ka kwashi kuɗin maganin mahaifiyarka ka kai bagade, ka auna shi da waɗannan ayoyi biyu kafin ka motsa.

Yadda ake gane haɗama

Mun saba jingina haɗama ga attajirai da 'yan siyasa, amma gargaɗin Yesu mafi tsanani a kanta ya fito ne daga rigimar gado tsakanin wa da ƙane. Wani mutum daga cikin taro ya ce masa ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, sai Yesu ya ce a yi hankali da kowane irin kwaɗayi, domin ran mutum bai dogara ga yawan kayansa ba, sa'an nan ya ba da misalin manomin da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa ya gina manya (Luka 12:13-21). Idan ka karanta maganar manomin a hankali za ka ga cewa daga farko har ƙarshe da kansa yake shawara, amfanina, rumbunana, raina. Babu maƙwabci, babu ɗan ƙodago, babu Allah a cikin lissafinsa. Tanadi ba laifi ba ne, Yusufu ma ya yi tanadi a Masar har ya ceci al'ummai. Laifin yana cikin lissafin da ba kowa a cikinsa sai mai shi.

Na san wannan a jikina. Akwai shekarar da nake tara kuɗin fili a gida, hankalina duka ya koma kan cikon da ya rage, har na daina ɗaukar lambar da ban sani ba, wadda na sani ma ina zaɓe. A cikin kiran da na bari suka yi ta ƙara har suka katse akwai na wani dattijo mai gadi, wanda shi ne ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na fara zuwa Legas da jaka ɗaya. Ya aro wayar maƙwabci ne ya kira ni sau uku a rana guda, yana kwance ba lafiya, abin da yake nema bai kai kuɗin motata na mako ɗaya ba. Bayan sati biyu na ji labari a bakin wani. Da na je gaishe shi na tarar ya rame yana zaune a bakin tabarma, ya amsa gaisuwata da fara'a, ya ce, "Ɗana, ka zo? Yaya iyali?" Bai ta da maganar kiran ba, har yau kuma bai ta da ita ba. Ban saci ko kwabon kowa a shekarar nan ba, zakkata ma ban fasa ba, amma na zama manomin nan na cikin misali. Bulus ya kira haɗama bautar gumaka a Kolosiyawa 3:5, na kuwa gane dalili, domin filin nan ne yake faɗa mini wanda zan amsa wa da wanda zan ƙyale.

Don haka ka riƙa gwada kanka da tambayoyi masu sauƙi. Idan ɗan'uwa ya sayi mota ko ya kama gida mai kyau, kana iya yi masa murna da zuciya ɗaya? Akwai adadin da idan ka samu za ka ce ya isa, ko kuwa kullum iyakar tana matsawa gaba? Kana ƙarya a kan samunka don kada a roƙe ka? Addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9, inda ya roƙa kada a ba shi talauci ko wadata sai abincin da ya ishe shi, ma'auni ce mai kyau: wanda ya kasa yin ta da gaske ya san inda ciwonsa yake.

A wurin sana'a kuwa haɗama tana da kamanni sanannu. Yahaya Mai Baftisma ya ce wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14), kuma sujadar Hausa a barikokin Ikeja, Ojo da Obalende cike take da 'yan'uwa masu kaki waɗanda wannan aya take magana da su baki da baki. Mai ciniki a kasuwar Mile 12 ya san yadda ake jera lafiyayyen tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, ya san gwangwanin awo da aka buga wa gindi, ya kuma san masu ɓoye hatsi sai ya yi tsada. Karin Magana 11:1 da 11:26 sun ambaci ma'aunin algus da mai ɓoye hatsi da sunansu. Cin riba halal ne, amma ribar da sai an rufe wa mai saye ido ake samunta, Kirista ya bar ta ko da maƙwabcin rumfarsa yana ci.

Sai kuma kwaɗayin kuɗin da ba a yi wa gumi ba. Mutane da yawa ba su manta da yadda MMM, wani tsarin zuba kuɗi na yaudara mai alkawarin riba mai yawa, ta rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016 ba, amma duk da haka da wani tsari irinsa mai suna CBEX ya rushe a watan Afrilu na 2025 an sake jin kuka iri ɗaya. Irin waɗannan tsare-tsare ta hanyar zumunci suke yaɗuwa, ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, shi ya sa idan sun faɗi sukan tafi da kuɗi da zumuncin gaba ɗaya. Shagunan caca na ƙwallo da suka cika unguwanninmu suna cin samarinmu ta wannan ƙofar. Ƙa'idar a taƙaice take: duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, ka riƙe kuɗinka, ko da dattijon ikilisiya ne ya kawo maka maganar. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, 1 Timoti 6:9-10 ma ya ce masu son yin arziki sukan faɗa tarko, su sossoke kansu da baƙin ciki iri-iri.

Mafi wuyar ganewa ita ce haɗamar da take shigowa cikin bayarwar kanta. Legas cike take da wa'azin da ke cewa ka shuka iri kaza ka girbi ninki ɗari, har akan yanka wa albarka farashi. Gaskiya ne Allah yana sāka wa mai bayarwa, Nassi ya faɗi haka a wurare da dama, amma wanda ya bayar don ya ninka kuɗinsa jari ya zuba, zuciyarsa tana nan inda take. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:18-20), Elisha kuma ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan warkarwa, baransa Gehazi da ya bi bayan kayan ya kwashi kuturta.

Wa za a ba, kuma ta yaya

Ba za ka iya amsa kowane roƙo ba, Allah ma bai ɗora maka haka ba. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri gwargwadon dama, musamman 'yan'uwa cikin bangaskiya, wato akwai fifiko amma babu wanda aka cire. Maƙwabcinka Musulmi da kuke ɗebo ruwa a famfo ɗaya a Idi-Araba ko Agege, wanda yake aiko maka da naman layya kai kuma kana aika masa shinkafar Kirsimeti, idan ɗansa ya kwanta ciwo yana cikin "kowa" ɗin nan, haka ma Bayerabe ko Ibo na ƙofar gaba. Abin da ya shafi rai, wato ciwo, yunwa da rashin wurin kwana, shi ne a gaba. Biki da anko suna iya jira.

Ka koyi amsawa da gaskiya. Karin Magana 3:28 ta hana ka ce wa maƙwabci ya je ya dawo gobe alhali abin yana hannunka, mu kuwa mun mayar da "bari mu gani" hanyar korar mutum ba tare da mun ce a'a ba, shi kuma yana can yana jira, bai nemi wata ƙofa ba. Ya fi kyau ka ce, "Kawu, a wannan watan dubu biyar zan iya, zan turo ranar Jumma'a in Allah ya yarda, sauran kuwa ba zan iya ba." Zai yiwu ransa ya ɓaci a ranar, amma ya san inda ya tsaya.

Ka kuma bambanta rance da kyauta tun a farko. Yesu ya ce a ba da rance ba tare da sa zuciya ga samun komai ba (Luka 6:35), abin da nake ɗauka daga nan a aikace shi ne kada ka ranta wa mabukaci abin da idan bai dawo ba zumuncinku zai mutu. Idan ya nemi rancen dubu hamsin kai kuma ka san dubu goma ce za ka iya yafewa, ka ba shi goman kyauta, ka faɗa masa kyauta ce, don kada ya riƙa sauya hanya idan ya hango ka. Tsayawa wani lamuni, kamar wajen karɓar keke biyan-kaɗan-kaɗan ko neman aikin gadi, taimako ne babba a wannan gari, amma Karin Magana 22:26-27 ta yi gargaɗi cewa ana iya ɗauke gadon da kake kwance a kai, saboda haka kada ka sa hannu a kan abin da ba za ka iya biya ba idan ya gudu. Inda hali ya yi, taimakon da zai tsayar da mutum da ƙafarsa ya fi na kullum-kullum. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yuni na 2022, samarinmu da yawa suka rasa abin yi. Mutum biyar da suka haɗa hannu suka saya wa ɗaya baro ko suka biya masa kuɗin koyon walda sun yi abin da Afisawa 4:28 take nufi, wato mutum ya yi aiki da hannunsa har shi ma ya sami abin ba wani.

Yadda aka miƙa abu yana iya ɓata shi. Matiyu 6:1-4 ya ce kada a busa ƙaho, kada ma hagu ta san abin da dama take yi, a zamaninmu kuwa ƙahon shi ne hoton gwauruwa riƙe da buhun shinkafa da ake sawa a Facebook. Ka tura a asirce, ko ka bi ta hannun fasto ko shugabar Zumuntar Mata ba tare da an ambaci sunanka ba. Bayan ka bayar kuma ka kame bakinka daga gori. Kalmar nan "ba don ni ba" ta rushe alheri mai yawa, wanda aka yi wa gori yakan gwammace da ya kwana da yunwarsa. A tarurrukan neman gudummawa inda ake kiran suna da adadi a lasifika, shugabanni su tuna da Yakubu 2:1-4, inda aka hana fifita mai kuɗi a kan matalauci, da kuma gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12:41-44, su tanadi hanyar da mai naira ɗari biyar zai bayar ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Su kuma masu riƙe kuɗin ikilisiya su bi sawun Bulus, wanda bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da aka haɗa da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka amince da su, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Kada mutum ɗaya ya ƙidaya baiko, a rubuta a sa hannu, a karanta rahoto a gaban jama'a.

Abin da kuɗi ba sa yi

Tushen wannan duka shi ne Almasihu, wanda yake mawadaci amma ya zama matalauci saboda mu (2 Korantiyawa 8:9). Yahaya ya ce ta haka muka san ƙauna, da Almasihu ya ba da ransa dominmu, mu ma ya kamata mu ba da ranmu domin 'yan'uwa, sa'an nan a aya ta gaba ya sauko da maganar kan mai abin duniya da ya ga ɗan'uwansa cikin bukata ya rufe zuciyarsa (1 Yahaya 3:16-17). Kaɗan ne daga cikinmu za a nemi su mutu saboda wani, amma kowannenmu za a nemi barcinsa, ranar hutunsa da kusurwar ɗakinsa. Basamariyen nan na Luka 10, wanda ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni, ya ba mai masauki dinari biyu, ladan aikin kwana biyu ke nan, amma kafin nan ya tsaya a hanya mai haɗari, ya ɗaure raunuka da hannunsa, ya sauka daga dabbarsa ya ɗora wani, ya kwana yana jinya. A Legas, inda mutum yake fita tun asuba ya dawo bayan dare ya yi saboda cunkoso, lokaci ya fi kuɗi tsada, shi ya sa turawa ta waya takan zama hanyar kauce wa zuwa. Zumunta a ƙafa take. Ɗan'uwan da aka kwantar a asibitin koyarwa na Idi-Araba, danginsa suna can Zangon Kataf ko Biliri, yana bukatar wanda zai bi layin magani, ya yi masa tafinta gaban likita, ya ba da jini idan an nema, ya kwana a benci. Ka ware Asabar ɗaya a wata domin irin wannan, kamar yadda ka ware kuɗi.

Saukar baƙo ita ce sadaukarwar da ta fi taɓa mazaunin Legas, domin wuri ne abin da ya fi ƙaranci. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye garuruwa irin su Gwoza, Madagali, Michika da Mubi, har hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu, waɗanda suka tsero zuwa kudu a ɗakunan 'yan'uwa suka sauka, ɗakin mutum biyu ya ɗauki takwas. Ibraniyawa 13:2 ta ce kada mu manta da karɓar baƙi, amma don abin ya ɗore ba tare da an rabu baram-baram ba, sai an yi shi da tsari, ni kuwa a wurin dattijon nan mai gadi na ga tsarin. Daren da na iso ya shimfiɗa mini tabarma tsakanin gadonsa da ƙofa, ya raba tuwon da ya saya wa kansa gida biyu. Da safe, kafin ya tafi aiki, ya zaunar da ni ya ce wata uku zan yi a wurinsa ba zai karɓi komai ba, ruwa da shara aikina ne, ba na kawo baƙo, idan na sami aiki kuma rabin abin da na samu zan riƙa ba shi ya ajiye mini na kama ɗaki. Ya riga ya sanar da mai gidan da yake wa gadi kafin in iso, don kada zuwana ya jawo masa kora.

Idan za ka sauki wani, ka yi haka. Ka nemi yardar matarka ko mijinki da ta mai gida tun baƙon bai hau mota ba, ka faɗa masa wa'adi da dokokin ɗaki a rana ta farko tun fuska tana sake, idan akwai 'ya'ya mata a gidan kuma baƙon namiji ne, a nema masa wurin kwana a ɗakin wani ɗan'uwa ku kuma ku ɗauki cinsa. Ka yi amfani da mutanen da ka sani wajen nema masa aiki, ka raka shi da kanka ranar farko domin bai san hanya ba, ka kuma riƙe masa ajiyarsa a rubuce, kwanan wata da adadi, ranar da zai tashi ka ƙirga masa kuɗinsa a hannu a gaban shaida.